Kaskon da Na Ƙera wa Matar Ɗana

Ni maƙeri ne a Rosario, kuma daga firamare ban ƙara zama a aji ba. Abin da na sani jarida ce ta koya mini, sai ƙarfe. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce jahilci ya sa na yi abin da na yi. Girman kai ne, kuma gara in kira shi da sunansa.

Ɗana Ramiro ya tafi Sifaniya a shekarar 2002, lokacin da ƙasarmu ta durƙushe, mata suka fito titi suna buga tukwane. Ya yi shekara goma a Valencia yana sa wayar lantarki a sababbin gidaje. Ya auri 'yar can, Amparo, suka haifi Laia. Da gine-gine suka tsaya cak a ƙasar, aikinsa ya tsaya da su, sai ya kwaso iyalinsa ya dawo ɗakin da ke bayan gidana. Amparo ba ta ɓoye komai ba. Ta zo da tikitin komawa, nata da na yarinyar, ta ce za ta gwada wata uku. Laia ita ce jikata ɗaya tilo, shekararta huɗu, kuma kafin zuwansu a hoto kawai na san ta.

Unguwarmu ta riga ta gama sanin Sifaniya daga talabijin: 'yan sanda da kulki, shara tana ci da wuta, tsoho yana tonon bola. Mata suka riƙa kawo wa Amparo tsofaffin riguna a leda, suna dafa kafaɗarta kamar masu ta'aziyya. Maza kuwa murna suke, ba su ma iya ɓoyewa. Shekara goma Turawa suna koya mana tattali, yau ga shi sun zame. Amparo takan karɓi ledojin ta yi godiya, ta jera su bayan ƙofa ba ta buɗe ba.

Ranar wata Lahadi muna gashin nama a tsakar gida, Cacho mahauci, abokina tun ƙuruciya, ya tura wa Amparo haƙarƙari.

"Ci da kyau, 'yar Turai. An ce a wajenku yanzu nama sai a hoto."

"Ci naka, Cacho," in ji ta. "Tumbin nan naka ya fi ƙasata buƙatar agaji."

Aka fashe da dariya, har da Cacho. Da an tsaya nan da shi ke nan. Amma ni ba na ganin taro in bar shi ba wa'azi. Na ajiye wuƙa na ce ƙasar da ta saba barcin rana da yawon bakin teku dole ta ga haka. Na ce sun ci abin da ba su noma ba, sun gina gidajen da ba mai shiga, kuma wahala ita ce makarantar malalaci. Na daɗe ina magana. Ramiro yana ta kallon farantinsa.

Amparo ta bari na gama.

"Baba, ka taɓa zuwa can?"

"Ina karanta jarida."

"Mahaifina ya yi shekara arba'in da ɗaya yana tsinkar lemu. Yatsunsa ba sa miƙewa. Mahaifiyata yanzu ita ke girka wa gida huɗu a benenmu, don maƙwabta sun rasa aiki, kuma takan ce ta yi kuskure ne ta dafa da yawa, don kada su ji kunya. Wannan yana cikin jaridarka?"

Ta ci gaba.

"Ba na so Laia ta tashi a inda ake ce mata jinin malalata ce. Ranar goma sha tara za mu tafi."

Ta ɗauki yarinyar ta shige. Saura kwana goma sha biyu.

Washegari da safe matata Delfina ta zuba mini mate, shayin ƙasarmu, a ƙoƙo, ta ajiye wata takarda da ta yi ja a gefensa.

"Karanta."

"Na mene ne?"

"Kai da ka iya karatu, karanta mana. Da ƙarfi."

Rubutuna ne. Kwafin wasiƙar da na aika wa wata jaridar Sifaniya a 2002, bayan Ramiro ya turo mini shafin da aka kira mu ƙasar malalata da ɓarayi. Ba su buga ta ba, ni ma na manta da ita. Na rubuta cewa ina fita aiki tun rana ba ta fito ba, matata tana musayar burodi da sabulu a kasuwar musaya, kuma duk wanda ya yanke wa mutane miliyan talatin da wani abu hukunci daga hoton titi ɗaya, ba shi da tarbiyya.

"Ba shi da tarbiyya," Delfina ta maimaita. "Kai ka rubuta, Evaristo. Kuma ka tuna wa ya ba ɗanka ɗaki da ya sauka can ba shi da kowa? Wannan mai tsinkar lemun ne. Shi ma yana da talabijin a lokacin. Bai yarda da abin da ta nuna masa ba."

"To me kike so in yi?"

"Kai ka ɓata, ni zan gyara?"

Ban iya ba da haƙuri da baki ba. Wannan ma aibi ne, ban wanke kaina ba. Amma na taɓa jin Amparo tana gaya wa Delfina cewa abin da ta fi kewa shi ne shinkafar Lahadi, paella, wadda mahaifinta ke dafawa a itacen lemu, kuma tukwanenmu ba sa yinta. Sai na je wajen masu tsohon ƙarfe na sayo faifan garma. A nan duk wanda ke son girki mai kyau a waje faifan garma yake samu, ya toshe ramin tsakiya, ya sa masa hannu da ƙafa uku. Na yi kwana biyu a kansa. Na goge shi har yana ƙyalli, na ɗauka na kai ƙofar ɗakinsu na ajiye.

"Na paella ne," na ce.

Amparo ta dube shi, ta dube ni. Ta durƙusa ta sa hannu a tsakiyar, inda ya lotsa kamar kwarya. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Dariya ce.

"Baba, wannan ai rijiya ce. A nan zan yi wa Laia wanka?"

"Ƙarfe ne mai kyau."

"Ƙarfe mai kyau ne, amma shinkafar za ta nutse a tsakiya ta ƙone a gefe. Kaskon paella shimfiɗe yake. Kaurin shinkafar bai wuce yatsa ɗaya ba." Ta share hawayen dariya. "Wa ka tambaya kafin ka yi?"

"Ban tambayi kowa ba. Na ga hotonsa a jarida."

Na ji abin da bakina ya faɗa. Ita ma ta ji. Ba ta ce komai a kai ba, kuma wannan kirkin nata ya fi wa'azina duka.

"To ki zo ki nuna mini," na ce.

Ta zo maƙera da la'asar. Ta zana da'ira da alli a kan fallen ƙarfe, ta nuna mini tsayin baki da yatsu uku, ta ce a yi wa gindin ƙananan lotsa da guduma don kada ya lanƙwashe a wuta. Da muka yi gardama kan kaurin ƙarfen, sai ta kira mahaifinta a waya, ta ɗora wayar kan uwar maƙera muna ganin juna. Vicent sunansa, siriri, fuskarsa duk rana ta ƙone ta.

"Kai ne mai cewa muna barcin rana?" in ji shi.

"Ni ne."

"Muna yi. Wanda ya shiga gona ƙarfe biyar yana da haƙƙin kwanciya ƙarfe biyu. Kai ba ka yi?"

"Ina yi," na ce. Delfina tana bakin ƙofa, ba halin in yi ƙarya.

Na tambaye shi yadda suke. Bai yi mini kuka ba, bai kuma yi mini ƙarya ba. Ya ce abin ya yi muni, ɗansa ƙarami yana shirin tafiya Jamus, kuma duk ranar da aka zo fitar da wani daga gidansa saboda bashi, 'yan unguwa sukan je su zauna a bakin ƙofar. Ya tambaye ni yadda muka yi kasuwar musaya a namu lokacin. Delfina ta ture ni ta zauna, suka yi fiye da awa ɗaya, matarsa tana rubutawa. Ban taɓa tsammanin wahalarmu za ta yi wa wani amfani ba.

Ranar Lahadi Amparo ta dafa a sabon kaskon. Ba itacen lemu, muka yi da wanda ya samu. Cacho ya kawo kaza da zomo da kansa.

"Shinkafa ranar Lahadi," in ji shi. "Gidan nan ya lalace."

Ya ci sau uku, har ya kankare ƙanzon. Matar da ta fi kowa kawo tsofaffin riguna ta tambaya ko Amparo za ta dafa na mutum sittin a bikin 'yarta.

"Yaushe ne bikin?" in ji Amparo.

"Ashirin da shida ga wata."

Mako guda ke nan bayan ranar tafiyarsu. Na bar cokalina a inda yake. Amparo ta dubi kaskon, ta dubi Laia da ke cin ƙanzo da hannu a cinyar Delfina.

"Mutum sittin ba za su shiga wannan ba," in ji ta. "Baba, za ka iya yin wanda ya ninka shi?"

"Sai kin zana."

"Gobe zan zana. Kuma kada ka taɓa shi kafin in zo."

Ban taɓa shi ba.