Yaren Kakar Doña Otilia

Shekara tara ke nan Doña Otilia Roblero tana girki saboda Allah a masaukin baƙi na cocin unguwarsu, a Tapachula. Duk wanda ya tsallako kogin Suchiate daga Guatemala ya iso ƙofar cocin da ƙafa a kumbure, waken Otilia ne zai fara shiga cikinsa. Ta ciyar da 'yan Honduras, ta ciyar da 'yan Haiti masu ƙorafin wakenta ba gishiri, ta ciyar da 'yan Kuba da ba sa rufe baki ko suna tauna. Ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo, wannan kowa ya sani, amma ba a taɓa jin wani ya tashi daga gabanta da yunwa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi, Yesenia, lauyar da ke ba masaukin kwana biyu a sati, ta shigo ɗakin girki ta zube takardu a kan tebur.

"Doña Oti, ba ni kofi kafin kaina ya fashe."

"Wa ya taɓa mana lauyarmu?" in ji Doña Chayo, abokiyar girkin Otilia, tana yanka albasa.

"Matar nan ta San Marcos, Juventina, mai 'yan mata biyu. An tambaye ta a ofishin masu neman mafaka, aiki kika zo nema? Ta ce eh. Za ki iya komawa Guatemala lafiya? Ta ce eh. Da sun ce ita ta sace jirgin ƙasa ma eh za ta ce. Sun rubuta wai ba ta da abin tsoro. Da ƙyar na samu za su sake sauraronta jibi. In ba mu samu mai jin yarenta ba, ranar Litinin mota za ta mayar da su bakin kogi."

"Wane yare ne?"

"Mam. Tafintan da ake da shi yana can babban birni, ya ce sai bayan sati uku."

Chayo ta taɓe baki. "Mutanen tsauni ke nan. Ka nuna musu jaki ka ce doki ne, su ce eh, ranka ya daɗe."

Sai ƙauri ya tashi daga kan kaskon Otilia. Ita da ba ta taɓa ƙona tortilla, wainar masarar nan tasu ba, ga guda uku sun yi baƙi ƙirin.

Ta san dalilin wannan eh ɗin sarai. A can tsauni, idan mai takalmi da biro yana magana, ba a ce masa a'a. Eh ɗinsu ba yarda ba ce, na ji ka ne, ka yi haƙuri, ka bar ni in wuce. Ta sani ne don a wani ƙauyen tsauni sama da garin Motozintla aka haife ta, kuma da Mam kakarta ta rene ta. Tsohuwar ta sha ba ta labarin ranar da aka tara zannuwan saƙinsu aka cinna musu wuta, aka ce kowa ya koma magana irin ta birni. Ubanta kuwa bulala ya sha a makaranta har ya daina yin yaren. Tana da shekara goma sha huɗu ta sauko Tapachula aikin gida, ta kulle yaren a cikinta. Mijinta ya rasu bai sani ba. 'Ya'yanta huɗu ba su sani ba.

Abin da ya fi cin ta a rai shi ne, tun ranar da Juventina ta iso, Otilia ta ji ta tana yi wa ƙaramar 'yarta faɗa a kan ta zubar da ruwa. Ba kalmar da ta wuce ta. Ta juya baya ta ci gaba da kwasar wake kamar kurma. Yanzu kunya ta kama ta.

Bayan an ci abincin rana ta zagaya bayan coci, wurin wanki. Juventina na durƙushe tana cuɗa rigunan yara. Otilia ta tsaya a kanta. Shekara hamsin da ɗoriya rabonta da furta yaren, kuma duk abin da bakinta ya iya lalubowa shi ne:

"Sabulun ya ishe ki?"

Rigar ta suɓuce ta faɗa ruwa. Juventina ta ɗago ta dube ta, ta toshe baki da hannu mai kumfa, dariya da kuka suka zo mata tare.

"Iya, haka kakar kakata ke magana. A wace tukunya kika ajiye wannan yaren?"

"Ke, ki kiyaye ni. Na zo taimakonki kina yi mini rashin kunya? Matsa in zauna, ki faɗa mini abin da ya koro ki."

Ta faɗa mata. Rigima ce a kan idon ruwa tsakanin ƙauyensu da na gaba. Mijinta ya ƙi sa hannu a bar wa wasu masu ƙarfi ruwan, aka tsince shi a gonar masara. Sati biyu bayan haka aka ƙone gidan, aka aiko mata cewa an san hanyar da 'yan matan ke bi zuwa makaranta.

Da Otilia ta waiwaya, ga Chayo tsaye da bokiti a hannu, baki buɗe.

"Comadre, aminiyata, shekara talatin muna tare. Ni na riƙe miki ɗa a baftisma. Ashe ke..."

"Ashe ni me? Ƙarasa mana."

"Duk tsiyar da nake yi wa mutanen tsauni..."

"Ina ji. Wani lokacin har taya ki nake, wannan ya fi naki muni. Ajiye bokitin ki je ki kira mini Yesenia."

Ranar Juma'a Otilia ta sa rigarta ta zuwa coci. Fada Evelio, limamin cocin, da kansa ya kai su a motar masauki, yana ta satar kallonta ta madubi, har ta ce masa ya dubi hanya kafin ya kai su lahira ba shiri.

Jami'in ofishin saurayi ne mai gajiyayyen ido. Ya rubuta sunan Otilia a gurbin tafinta, sannan ya dubi Juventina ya maimaita tambayar da aka yi mata a baya, ko za ta iya komawa ƙasarta lafiya. Bakin Juventina har ya buɗe don ya ce eh. Otilia ta ɗora mata hannu a gwiwa.

Ba ta san manyan kalmomin lauyoyi da Mam ba. Nata yaren na ɗakin girki ne da gona, inda ta baro shi tana yarinya. Don haka ta tambaya yadda kakarta za ta tambaya:

"Yana so ya sani, in kin koma gida, ke da yaran nan za ku kai girbin masara da rai?"

Juventina ta girgiza kai, ta fara magana, ba ta tsaya ba sai da aka kusa awa guda. Otilia na juyawa jimla bayan jimla. Inda kalma ta ɓace mata sai ta zagaya ta bi ta wata hanya, inda muryarta ta so rawa sai ta yi gyaran murya ta harari jami'in kamar shi ya yi laifi. Ba ta rage ba, ba ta ƙara gishiri ba. Tun ana rabi saurayin ya ture tsohuwar takardar gefe ya buɗe sabuwa.

Suka fito da takarda mai hatimi: ba mai mayar da Juventina da 'ya'yanta ko'ina har a gama duba maganarta. Yesenia ta rungume Otilia a bakin titi. Otilia ta ture ta tana cewa za ta yamutsa mata riga, amma a ranta wani alfahari ne ya cika ta har wuya. Ba ta ji irinsa ba ko ranar da babban ɗanta ya gama jami'a.

Ranar Litinin da safe sababbin baƙi kusan ashirin suka yi layi a ƙofar coci, jikkunansu duk taɓon kogi. Otilia ta miƙa wa Chayo ludayi ta ce ta riƙe mata tukunya. Ta fita da garin masara a hannuwanta, ta tsaya gaban Fada da maƙwabta da mai sayar da mangwaro, ta ɗaga murya ta yi musu sannu da zuwa da yaren kakarta, ta ce akwai wake da zafi.

A can ƙarshen layi, mutum uku suka ɗago kai.