Aljihun da Ba a Farke Ba

Zaren ya ƙare mata ne a daidai gwiwar hannun riga na biyu. Ta zazzage jakar saƙa a kan gado, allurai da maɓallai suka watse, amma shuɗin nan mai ɗan ratsin toka ko taƙi ɗaya bai rage ba.

Duk unguwa Inna Mai Saƙa ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa sayar da ko safa ɗaya ba. Shekara talatin ta yi tana goge ƙasa a ɗakin haihuwa na wani asibiti, kuma a can wata tsohuwar nas ta koya mata riƙon allura. Tun daga nan ba a yi jariri a dangi ko a maƙwabta ba tare da ya sami hula da safa daga hannunta ba. Ƙannenta sun samu, 'ya'yansu sun samu, har mai gadin asibitin ya taɓa samun hular da ta rufe masa kunne. Amma mafi kyawun aikinta na gida ɗaya ne, gidan Auta, ɗanta namiji tilo, wanda yanzu yake da ofis da mota a can ɗaya gefen gari.

Tana da wata ɗabi'a a saƙarta. Kowace rigar sanyi sai ta yi mata aljihu, ta saka maɓalli ɗaya da ɗan guntun zare a ciki domin ranar gyara, sannan ta ɗinke bakin aljihun da farin zare don kada ya saki kafin a fara sawa. Wanda aka ba rigar shi ne zai farke da kansa. Lokacin da Auta yake ƙarami da haƙori yake farkewa, don ba ya iya jiran a kawo reza.

Wannan rigar ta Takwara ce, 'yar Auta mai shekara biyar da aka sa wa sunanta. Kuma ita ce ta ƙarshe, don likitan ido ya ce yanar da ta rufe na hagu ta fara taɓa na dama, ta ajiye allura. Ta ce masa to, a ranta kuwa ta ce sai ta ga wannan a jikin yarinyar tukuna. Da ragowar zaren rigar da ta yi wa Auta bara ta fara, tana zaton zai isa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji mutane. Nata idon kam ya daina sani.

Mai shagon zare ya juya ɗan guntun da ta kawo, ya girgiza kai.

"Inna, wannan an daina kawo shi. Ki haɗa da wani shuɗin mana, wa zai lura?"

"Ni zan lura," ta ce, ta karɓe abinta.

Saura 'yan gwanjo. Ta saba da su, don sau da yawa takan sayi tsohuwar rigar sanyi ta warware, ta wanke zaren ta sake saƙa shi. Ta bi layin rumfa rumfa, tana durƙusawa a gaban kowane tsibi, tana kara guntun zarenta a jikin duk abin da ya yi kama da shuɗi. Gwiwoyinta suka yi tsami. A rumfa ta ƙarshe, wadda ba ta taɓa tsayawa ba, ta hango wata riga a rataye daban, ba a cikin tsibin ƙasa ba. Ta kara zaren. Ko ita ba ta iya gane inda nata ya ƙare na rigar ya fara ba.

Har ta yi murmushi, mai nema yana tare da samu. Sai hannunta ya sauka a kan aljihu, ya ji bakinsa a ɗinke. Ta matsa shi da yatsu biyu, ta ji maɓallin yana nan a ciki.

Ba ta buƙaci ido ba kuma. Ta san wuyan nan, sau biyu ta warware shi don Auta ba ya son abin da zai shaƙe shi. Wata uku ta yi a kan rigar. Ta kai ta hanci, ƙamshin kafur na akwatinta ne har yanzu, babu na sabulu, babu na jikin mutum.

Mai gwanjon, wani dattijo mai fara'a, ya taso yana yaba idonta.

"Baba, kin san kaya. Aikin hannu ne wannan, ba na inji ba. Irin su ba sa daɗewa a wajena, wannan ce kaɗai ta rage tun bara."

"Irin su?"

"Duk shekara ana kawo min, in sanyi ya wuce. Ta manya, ta yara, huluna, har bargon jariri na taɓa samu. Sababbi dal, ko ruwa ba su gani ba."

Nan take zuciyarta ta tafi kan matar Auta, kuma, Allah ya yafe mata, har wani sanyi ta ji. Da ma yarinyar nan mai gaisuwa a tsaye, mai goge kujera kafin ta zauna. In ita ce, da sauƙi. Suruka ai ba ita ta haife ta ba.

"Wata doguwa ce fara, mai tabarau?"

"A'a, namiji ne. Wani mai farar mota, yana da tabo a girar nan." Ya taɓa girarsa ta hagu. "Mutumin kirki. Ko ciniki ba ya tsayawa yi, cewa yake in rage masa kaya kawai. Wai wata tsohuwarsu ce ba ta da aikin yi, kuma ba a so a ɓata mata rai."

Tabon nan ita ta danne shi da gefen zaninta, ranar da ya faɗo daga kan teburin makaranta, ta goya shi da gudu har asibiti jini yana bin bayanta. Ta tsaya riƙe da rigar, kunya ta kama ta kamar ita aka kama da kayan sata. Duk shekarun nan da yake karɓa da hannu biyu, yana cewa ko a ofis sai an tambaye shi inda ya saya, ashe daga ɗakinta but ɗin mota suke shiga, su jira sanyi ya wuce.

Ta biya abin da ya faɗa ba ta nemi ragi ba. Mai gwanjon har da yi mata alkawarin zai ajiye mata in an kawo na bana.

A gida ta zauna bakin taga inda haske ya fi yawa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsinke bakin hannun rigar Auta na hagu ta fara ja. Zaren ya riƙa fitowa a lanƙwashe, layi bayan layi, tana naɗe shi a yatsu. Aikin mako biyu ya warware kafin shayinta ya huce. Ta yi tunanin ta cusa duka a murhu ta huta, amma yarinya ba ta yi mata laifin komai ba. Kwana shida ta yi tana lalube, tana ƙirga idon saƙa da yatsa saboda nata idon ya ƙi, har ta gama hannun. Ta yi aljihu, ta saka maɓalli da guntun zare, ta ɗinke da fari.

Sannan ta buga wa Auta waya ta ce ya zo ranar hutu, kuma ya taho mata da Takwara, tana so ta gwada mata abu.

Shi kaɗai ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, don wajen ladabi ba a taɓa kama shi ba. Wata rigar sanyi ce ta kanti a jikinsa, baƙa, mai zif.

"Ina takwarar tawa?"

"Tana da lesin, Inna. In an yi hutu zan kawo ta, in sha Allah."

Tun hutun da ya wuce yake faɗin haka. Ta ɗauko ƙaramar rigar ta shimfiɗa a cinyarta. Ya faɗaɗa fuska, ya miƙo hannu biyu.

"Kai, Inna, ba kya gajiya. Wannan ai sai ta ƙi cirewa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya."

"Amin. Ina taka ta bara? Na ga ba ka sa ba."

Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Tana wajen mai wanki. Kin san kullum ita ce a jikina."

"Na sani," ta ce. Ta janyo leda daga ƙarƙashin kujera ta ajiye a gabansa. "Shi ya sa na karɓo maka."

Ya buɗe. Ya ɗago rigar mai hannu ɗaya, ɗaya gefen zare yana reto. Ta ga yatsansa ya sauka a kan farin ɗinkin aljihun ya tsaya. Ya sa hannu yana sosa tabon girarsa, yadda yake yi tun yana yaro in ya fasa kofi.

"Inna, ba wai... yanzu yara ba irin wannan suke sawa ba ne. Kuma ban so ki ji ba daɗi."

"Ai ban ji ba. Shekara nawa ban ji ba."

Ta so ta ƙara, maganar shekara goma tana bakinta, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta tattara alluranta ta ɗaure su da kyalle, ta jefa can ƙasan jaka. Shi kuma, don ya rasa abin yi, ya miƙa hannu zai ɗauki rigar Takwara, yana cewa wallahi wannan yau ɗin nan za a sa mata.

Ta dafe rigar da tafin hannunta. Ta ninke ta, hannu a kan hannu, aljihun yana sama.

"Bar ta, Auta. Kada ka ƙona man motarka a banza," ta ce. "Rumfar mai gwanjon tana kan hanyata ta zuwa asibitin ido. Ni zan kai masa."