Bunsurun da Ya Ce a Shanya Martini

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu haushinsa bai sake ni ba. Na gan ni a wani gari inda ruwan sama ke tasowa daga ƙasa, kowa na tafe da lemarsa a kife tsakanin ƙafafu. Ina sanye da farar rigar da nake aiki da ita a wani otal a Jos, inda na shekara ashirin da shida ina haɗa wa baƙi abin sha.

Sai ga ni a ofishin lasisi. Shugaban bunsuru ne mai tabarau, yana taunar gefen fayil ɗina.

"Kai ne Ishaya mai martini?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"A nan an rubuta busasshe kake haɗawa. Mun aika an karɓo, ya zo mana jiƙe sharkaf. Ka shanya shi ya bushe kamar kuɓewa, ko mu kwance hannunka na dama mu sa a durowa."

Na yi masa bayani cikin ladabi cewa martini haɗin giya biyu ne, kuma a sana'armu busasshe na nufin giyar da ake kira jin ta yi yawa, ɗaya giyar mai ƙamshin ganye, wadda ake kira bamut, a ɗiga ta kaɗan. Ya ce doka ba ta san wannan ba.

Sai ga mu a kan rufin ofishin, an shimfiɗa tabarma, awaki sun yi layi da biro a kunne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wallahi ko garin zai kife ba zan zuba martini a tabarma ba.

Na jawo tebur. Na cika babban kofi da ƙanƙara, na auna jin biyar, bamut ɗaya, na ɗauki dogon cokalina. Sakatariyar shugaban, wata akuya mai jambaki, ta matso.

"Malam, ba sukari? Ko 'yar madara?"

"Hajiya, ba koko nake damawa ba."

"To girgiza shi mana, ya fi sauri."

"Girgizawa dagula shi take yi. Sau talatin ake juyawa, a hankali, ya fito garau. A tace a kofi mai sanyi, a jefa zaitun ɗaya soke da tsinke."

Kafin in rufe baki ta cinye zaitun ɗin har da tsinken.

Na fara juyawa ina ƙirge da ƙarfi. Ina kan goma sha biyu shugaba ya buga hatimi a goshina. 'Yan sanda biyu, raguna, suka murɗe hannun kamar ƙwan lantarki, suka jefa shi durowa da cokalin da kofin, suka kulle. Ban ji zafi ba, sai baƙin ciki kamar in yi kuka.

Can sai muka ji ƙanƙara na kaɗawa a cikin durowar, a hankali, ba gaggawa.

"Ka ce wa hannun nan naka ya daina!" in ji shugaba.

"Bai kai talatin ba, ranka ya daɗe. Ni kaina ba ya jin maganata kafin nan."

Na ci gaba da ƙirga masa, awaki na ta ja da baya. Ina kan ashirin da bakwai injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi, na buɗe ido, na tarar na kwanta a kan hannun har ya mutu. Na ɗaga shi da na hagu, na ƙarasa juyi ukun da suka rage a iska.