Baƙuwar da Ta Gyara Gadonta

Shekara shida Martina ta yi tana gyara gadajen mutane a wani otal da ke unguwar Al Rigga, can ƙasar Larabawa, ɗaki goma sha takwas kowace rana, kafin kamfanin ya tuna cewa ita ma mutum ce. A watan Disamba na 2019 aka kira sunanta gaban ma'aikata, aka tafa mata, aka miƙa mata ambulan. Kwana biyu ne kyauta a otal ɗinsu na cikin duwatsun Hatta, wanda ko shugabar sashensu a hoto kawai ta san shi.

Mata biyar ɗin da suke kwana ɗaki ɗaya da ita a masaukin ma'aikata na Al Quoz suka yi mata caa da shawara. Wannan ta ce ta shiga tafkin wanka, waccan ta ce ta ɗauko musu hotuna. Martina dai jin su kawai take yi. Ita abu guda take so a duniya, barci. Barcin da babu ƙarar waya, babu mai kunna mata fitila a ka, babu motar ma'aikata mai danna hon ƙarfe biyar da rabi. Bayanta ya gaji, yatsunta sun gaji, hatta dariyarta ta gaji.

Wurin kuwa ya amsa sunansa. Wani makeken gida ne na dutse mai ɗaki goma sha biyu kacal, a tsakiyar gandun da aka killace, dabinai a gaba, duwatsu a baya jere reras. Sun tuna mata da dutsen garinsu Kagoro, sai dai waɗannan ko ciyawar kirki babu, kamar an yi musu aski. Aka kai ta ɗaki na bakwai. Gadon zai ɗauke ta da abokan kwananta duka, har a sami wurin juyi. A hannun ƙofa ga ɗan katin nan da baƙi ke ratayawa a waje, mai cewa kada a dame su. Shekara shida tana yi wa katin nan biyayya. Ta ciro shi, ta jujjuya, ta mayar inda ta same shi. Ita wace ce da za ta ce kada a dame ta?

Sai kuma barcin ya yi mata rowa. A bakin gado ta kwana, a takure, don kada ta ɓata aikin wata. Ƙarfe huɗu da rabi idonta ya buɗe da kansa, babu wanda ya tashe ta, kuma abin ya ba ta haushi ƙwarai.

Da gari ya waye hannunta ya shiga abin da ya saba, bai nemi izininta ba. Ta ja zanin gado har ya yi santsi, ta cusa kusurwoyi, ta jera matasai bakinsu na kallon bango. Ta goge madubi, ta tsane bahon wanka. Sabulunsu ma ba ta ɓare ba, da nata ta zo, haka tawul. Daga ƙarshe ta lanƙwasa bakin takardar banɗaki ya yi tsini, alamar da kowace mai gyaran ɗaki ke bari idan ta gama. Sannan ta rataya 'yar jakarta, domin wadda ke zama da mutum biyar ba ta san barin kaya a baya ba. Dabararta ita ce ta karya, ta hau dutse har ƙafa ta gaji, ta dawo da azahar ta kwanta sai gobe.

A wurin karin kumallo sai da ma'aikaci ya roƙe ta ta daina tattara faranti. Ta fita ta bi 'yar hanyar da ta hau tudu, ta sami inuwa ta zauna tana kallon awaki suna tsallake duwatsu. Iska mai sanyi ta buso. A nan ne fa barcin ya zo, na gaske, mai nauyi, wanda ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Ta lallaɓo shi ta sauko a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono.

Ta sa katin buɗe ƙofa, wuta ta nuna ja. Ta sake, ja. Daga ciki ta ji dariyar yara.

Da ta kai kuka wurin manajan otal ɗin, ya yi mata bayani da Turanci, cikin ladabin da ba ya ƙosarwa. Hutun ranar ƙasa ne, mutane na rububin ɗaki. Ƙa'idar kyautar ma'aikata kuwa, ɗakin da ba a kwana a ciki ba, sai a mayar da shi kasuwa. Mai gyara ta kawo rahoto da safe cewa babu wanda ya taɓa ɗaki na bakwai, shi ya sa aka ba wa wasu iyali daga Abu Dhabi. Ya sa aka kira mai rahoton.

Wata mata ce ta shigo, za ta kai hamsin, da hijabi kan kayan aiki. Tana jin zancen ta ce, "Innalillahi, na shiga uku," can ƙasa-ƙasa.

"Sannu, Yaya," in ji Martina.

Matar ta zaro ido. "Ke Bahaushiya ce?"

"Daga Kagoro. Martina."

"A'i, daga Kano. 'Yar'uwa, wallahi na duba. Ba jaka, ba takalmi, sabulu a rufe, takarda a lanƙwashe. Wa ya gyara ɗakin nan?"

"Ni ce. Aikina ke nan a Al Rigga."

"To ai kin kashe ni. Warning biyu gare ni, takardar gargaɗi. Na uku khalas, shi ke nan, sai a soke visa."

Manajan ya katse su. In dai Madam ta kwana a ɗakin, ya ce, to rahoton ƙarya ne, A'i za ta karɓi takardar gargaɗi, shi kuma zai samar wa Madam wurin kwana ko da nasa ɗakin ne. Amsa ɗaya yake jira.

Ran Martina ya ɓaci. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin kamfanin, ta ji haushin A'i ma, da ba ta tsaya ta tambaya ba. Dare ɗaya tak ya rage mata a shekara shida, kuma nata ne, da guminta ta same shi. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai idonta ya sauka kan hannuwan A'i. Duk sun tsattsage da ruwan wankin banɗaki, farcen sun dushe. Ba ta buƙatar duba nata.

Ta ce wa manajan ba ta kwana a nan ba, wajen wata ƙawarta ta kwana a cikin garin Hatta. Ba ta saba ƙarya ba. Shi kuwa ya yi ajiyar zuciya, ya ba ta haƙuri, ya ce motar ma'aikata za ta koma birni ƙarfe biyar, akwai wuri.

A'i ba ta yi godiya a gabansa ba. Sai da suka fito ta kama hannun Martina ta ja ta ta ƙofar baya, suka bi wani lungu zuwa sito, inda ake ajiye wankakkun zannuwa. Babu taga, babu dutse, sai ƙamshin guga da Martina ta sani kamar sunanta. A'i ta sauko da tawul-tawul ta shimfiɗa a ƙasa, ta ninka wasu ta yi matashi.

"Yalla, maza kwanta. Awa huɗu gare ki, ni zan tashe ki." Ta gyara mata matashin. "Amma fa kusurwar gadon nan, wallahi ta fi tawa."

Martina ta so ta yi dariya, ƙarfin ne babu. Ta tuɓe takalmi ta miƙe, ba ta damu da abin da zai yamutse ba. Kafin idonta ya rufe ta ga A'i ta zaro ɗan katin nan daga aljihu, ta rataya shi a hannun ƙofar sito ta waje, ta ja ƙofar a hankali.