Zarton Ba Adam

Guntun katakon ya taso daga bakin injin zarto kamar an harbo shi da gwafa, ya wuce ta saman kunnen Alkasum, ya tafi da hularsa, ya je ya fasa tulun da ke ƙofar shagonsa na ɗinki. Sule, wanda ya turo katakon, ya kashe injin ya tsaya yana duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Alkasum bai gama salati ba Ya Bintu, matar Ba Adam, ta leƙo daga zaure, ta ce maigida na kiransu duka biyun.

Ba Adam, kafintan layinsu a Zango, tun bayan sallar layya yake kwance. Bango ɗaya ya raba shagonsa da na Alkasum, kuma shekara da shekaru suna gardama a kan garin katako da ke sauka bisa shaddar mutane. Da ciwo ya yi nisa, sai ya tuna alkawarin da ya daɗe da yi wa liman na sabuwar makara. Ta masallacin ta tsufa, ƙafarta ɗaya ta gajarce, in an ɗauke ta sai ta riƙa kuka kamar amalanke. Ba Adam ya rantse ba za a ɗauki kafinta a cikinta ba, mutane na tafe suna ƙunshe dariya. Sule ƙanin Ya Bintu ne, manomi daga Hamdara. Dubiya ya zo, aka ɗora masa aikin.

"Faifan zarton ya karkace," in ji Ba Adam daga kan gado. "Tun daga nan na ji kukansa. Sule, kai da fartanya kuka saba, tsaya gefe. Tela, kai ka san miƙaƙƙen layi."

Alkasum ya ce shi fa allura ma takan soke shi, ina shi ina zarto mai aiki da kuran, wato wutar lantarki. Sai Ba Adam ya ɗaga hannunsa na hagu mai yatsu uku. Ya ce da goma ya zo duniya, da takwas zai koma, kuma biyun nan gaggawa ce ta ci su, ba tsoro ba. Matsoraci yake nema.

A kujera suka ɗauko shi, Ya Bintu na biye da bargo tana faɗan iska za ta buge shi. Suna ajiye shi aka ɗauke kuran. Alkasum ya ji sanyi a ransa, ya miƙa hannu zai taɓa faifan, sai sandar Ba Adam ta sauka a bayan hannunsa.

"Zare wayar daga bango tukuna. Kuran garin nan ba ya sallama in zai dawo."

Aka zare. Alkasum ya ciro tef ɗinsa na awo daga wuya, Ba Adam ya ce ya mayar. Tef ɗin da ya saba yi wa masu tumbi ƙarya ba zai auna masa ƙarfe ba. Ya sa aka kafa ƙusa a bakin wata 'yar sanda, aka kwantar da ita a kwarin da ke kan teburin injin. Alkasum ya shafa wa haƙorin faifan ɗaya alli, ya matso da kan ƙusar har ta taɓa shi ta gaba. Sannan ya juyo da wannan haƙorin baya, ya turo sandar. Ƙusar ba ta taɓa ba. Tazarar ba ta fi kaurin farce ba, Sule ya ce ai wannan ba komai ba ne. Ba Adam ya ce ya je ya faɗa wa tulun.

Dole Alkasum ya shiga ƙarƙashin tebur da babbar rigarsa, ya sassauta kusoshin da ke riƙe da injin. Aka ce ya ɗan ƙwanƙwasa da katako, a hankali, kamar mai buga ƙofar surukai. Ya buga, injin ya wuce saiti. Ya dawo da shi, ya sake wucewa. Masu kabu-kabu suka fara tsayawa suna ba da shawara, wani har yana cewa a yi wa injin tofi. Sai wajen la'asar ƙusar ta taɓa haƙorin gaba da baya daidai. Aka ɗaure, aka daidaita ƙarfen da katako ke jingina da shi, aka sauke faifan har haƙoransa suka ɗan leƙo saman katakon kaɗai.

Da kuran ya dawo, Ba Adam ya ba shi sandar turawa, ya ce ya tsaya gefe, kada ya yi saitin faifan da cikinsa. Alkasum ya yi bisimilla ya tura. Katakon ya wuce sumul, ya rabu biyu. Ba Adam ya rufe ido yana saurare.

"To," ya ce. "Ku mayar da ni ɗaki."

Bai sake fitowa ba. Sauran aikin ta taga ya gudanar da shi, Ya Bintu na kai saƙo, tana ragewa inda zagin ya yi yawa. An kai makarar masallaci ranar Litinin, Laraba da hantsi Ba Adam ya cika.

Alkasum na cikin waɗanda suka fara ɗauka. Da aka sauke a maƙabarta, ya kasa ɗauke ido daga ƙafafun nan huɗu, don shi ya yanka su. Suka zauna daram. Sai a lokacin hawaye ya zo masa.

Gab da magariba ya haɗa ragowar yadudduka ya je ya lulluɓe injin. A ƙarƙashin tebur wata kaza ta yi gurbi cikin garin katako, ta kwanta. Ta dube shi da ido ɗaya. Ya ɗage mata gefen yadin kaɗan, ya jawo ƙofa.