Allo na Huɗu

"Wannan mai fanka uku ne, wannan kuma mai fanka ɗaya," in ji mai shagon, yana jera kwalaye a kan kanta. "Kai dai faɗa min, Yallaɓai, allo nawa za ka jona wa kwamfutar?"

"Huɗu," Yaya ya ce, har da ɗaga yatsu, kada a samu kuskure a babban lamari irin wannan.

Auta tana tsaye a bayansa da jaka a hammata. Kujera ɗaya ce a shagon, kuma jakar ofis ɗin Yaya ce ta samu darajar zama a kai. Tun da safe ta bar mahaifinsu a hannun maƙwabciya, ta hau mota biyu zuwa ofishin wan nata don ta gaya masa abu ɗaya: Baba ya rage cin abinci, ya ƙi yarda a miƙar da shi kamar yadda likita ya ce, kuma kullum sai ya tambayi babban ɗansa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon, ita ke juya shi, ita ke ba shi magani. Yaya kuwa yana ƙaunar mahaifinsa matuƙa, shi ya sa a watan jiya ya aiko ma'aikata suka kafa kyamara a ɗakin, can sama kusa da silin.

Da ta fara magana a ofis, cewa ya yi, "Shiga mota, ma yi maganar a hanya." A hanya kuma waya yake yi. Sai ga su a kasuwar kwamfuta, suna neman katin hoto, wato abin nan da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta ya riƙa tura hoto zuwa allo. Nasa na yanzu baki biyu gare shi, allo biyu kawai yake ɗauka.

"Allo na farko na aiki ne," Yaya ya yi wa mai shagon bayani. "Na biyu na saƙonni. Na uku na taron da muke yi da mutanen waje. Na huɗu kuma na mahaifina ne."

"Allah sarki! Shi ma a kamfanin yake?"

"A kwance yake," Auta ta ce. "An dai ƙara masa girma, ya samu allo nasa na kansa."

Yaya bai juyo ba. "Ƙanwata ce. Haka take magana."

Mai shagon ya yi 'yar dariyar da ba ta ɓata wa kowa, ya koma ga kayansa. Ya ce hanya biyu ce: ko a ƙara ƙaramin kati a gefen tsohon, kowanne ya ɗauki allo biyu, ko a cire tsohon a sa guda mai baki huɗu. Ya turo ƙaramin kwali. "Ga shi nan, ba ya cin wuta, ba ya ƙara. In dai takardu ne da hoton kyamara, ya ishe ka."

Yaya ya dubi kwalin kamar an miƙa masa takalmin yara. "Wancan fa?"

"A'a, wancan ai sarki ne! Masu wasan kwamfuta da masu haɗa fim ke sayensa. Sai dai yana da ci, dole a canja akwatin wutar kwamfutar. Kuma da tsayinsa, ban ce zai shiga akwatinka ba, sai an sake wani."

"Amma hoton ya fi fitowa?"

Mai shagon ya dubi kwalin, ya dubi agogon hannun Yaya, ya ce, "Yallaɓai, ai babba babba ne."

"Ina so in riƙa ganin numfashinsa," Yaya ya ce da murya ƙasa-ƙasa, kuma da gaske yake, abin da ya fi ba Auta haushi ke nan. "In ƙirjinsa ya ɗaga in gani, in ya sauka in gani."

"Akwai wata na'ura da ke nuna wannan tar," in ji Auta. "Kujera ake ce mata. Ana ajiye ta a gefen gado."

"Auta."

"Ba ta cin wuta. Ba ta da fanka ko ɗaya."

"Kin san yadda aikina yake? Kin san mutum nawa ke cin abinci a ƙarƙashina? In na bar ofis yini guda, komai tsayawa yake."

"Ai na gani. Ga shi tun safe kana nan, ina jin ƙarar rugujewar kamfanin daga nan."

Ya yi kamar bai ji ba. Aka shiga batun wayoyi. Ashe bakunan katin ba iri ɗaya ba ne, kuma biyu daga cikin allunan Yaya tsofaffin yayi ne, sai da adafta mai haɗa bakin tsoho da na sabo. Yaya ya tambayi wace adafta ce ba ta sa hoto rawa, ya tambayi zafin da katin ke yi in ya yini a kunne, ya tambayi ko ƙura na damunsa, ko sau nawa ake share shi. Auta ta tsaya tana sauraro. Tun da Baba ya kwanta ba ta taɓa jin wanta ya yi wa likita tambayoyi masu zurfi haka ba. Lallai katin nan zai samu kulawa.

Sarkin suka saya, da sabon akwati, da akwatin wuta, da tarin wayoyi. Mai shagon ya rufe shagonsa ya bi su ofis don ya haɗa da hannunsa, saboda irin wannan mai saye ba a barinsa ya faɗa hannun wani.

Rana ta yi tsaka kafin a gama. An ture tebur, an kwashe fayiloli, an jera alluna huɗu sun yi wa kujerar Yaya rabin zobe. Mai shagon ya fito daga ƙarƙashin tebur yana kaɗe gwiwa, ya danna maɓalli. Fankokin suka tashi da wani gurnani mai daɗi. Allo na farko ya kawo, na biyu ya kawo, na uku ya kawo. Yaya ya gyara zama, ya buɗe kyamarar gida, ya ja ta zuwa na huɗu.

Ba gado, ba Baba. Wani abu ne ruwan toka ya cika allon, da layuka sun sarƙe da juna.

"Katin ne?" Yaya ya tambaya.

"Haba, Yallaɓai, dubi yadda ya fito! Har zare ana ƙirgawa. Wannan ai yadi ne."

Auta ta matso, ta ƙura ido. Ta san ɗinkin, ita ta wanke ta shekaranjiya. "Hular Baba ce," ta ce. "Cikinta muke kallo."

Ta zaro waya ta kira maƙwabciya, ta sa a fili kowa ya ji.

"Wallahi ba ni ba ce!" matar ta ce tun kafin a gama tambaya. "Na shiga kicin ɗumama masa ruwa, na dawo na tarar da shi tsaye! Tsaye, Auta! Ya dafa bango, ya saƙala hular a bakin sandarsa yana ta ƙoƙari, sai da ya rataya ta a kan kyamarar. Na ce Baba za ka faɗi, ya ce in ya faɗi ma ba mai gani yanzu. Ya ce shi ba kantin gwal ba ne da za a sa masa ido daga sama. Wai mai son ganinsa ya san ƙofa."

"Yanzu yana ina?"

"Ya zauna a bakin gado yana haki. Ya ce a ba shi abinci."

Auta ta kashe wayar. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta zauna a kan kwalin sarki. "To, Yaya, barka," ta ce. "Likita ya yi lallashi ya gaji, ni na yi kuka na gaji. Kai da ka ɓata masa rai daga nesa, ga shi ka miƙar da shi. A ƙara masa kyamara biyu, wataƙila ya yi gudu."

Yaya ya daɗe yana kallon cikin hular mahaifinsa, ga wurin da gumi ya dafe, ga wani zare da ya warware. Mai shagon ya tattara kayan aikinsa a hankali, ya ce in an samu matsala a kira shi, ya sulale.

Can Yaya ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko makullin mota. Ya juya shi a hannu, ya yi gyaran murya.

"Har yanzu ta bayan gidan man nan ake shiga layin?"

Auta ta miƙe, ta saɓa jakarta.

"An rushe gidan man tun bara, Yaya. Taso in nuna maka."