Tsagewar da Ta Koma Gaba

Auta ba ta taɓa ɗaukar bulo ba, amma a ofishinsu ita ce mai gina gidaje. A cikin kwamfuta take ginawa. A je a ɗauko hotunan tsohon gini, a kawo mata awonsa, ita kuma ta tayar da ƙwarangwal ɗinsa ta lulluɓe shi da hotunan, har injiniya ya zagaya ciki yana zaune a kujerarsa. Lulluɓewar nan ita ce aikin. Kowace kusurwa ta ƙwarangwal tana da lamba biyu da ke gaya mata inda za ta ɗebo nata rabon a jikin hoto, kuma Auta ce ke jera lambobin nan, dubbai, ta miƙa wa manhajar kwamfutar. Manhaja kuwa ba ta da musu, abin da ka ba ta shi take shimfiɗawa.

Ginin da ta gama a makon jiya ta san shi tun tana ƙarama. Bene ne mai shaguna, a ƙasansa akwai wani dogon zaure na teloli, kuma a nan keken ɗinkin yayarta yake. Silin zauren ya tsage. Injiniya ya duba aikin Auta, ya ga tsagewar a ɓangaren gaba wajen ƙofa, ya sa aka kafa ƙarafan tokara a wurin. Oga har da tafa mata.

Ranar da hadari ya haɗu tun da hantsi, oga ya ce ta ciro masa hoto mai kyau na ginin, zai nuna wa baƙi. Dogo, abokin aikinta da bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo ta bayanta da kofin shayi.

"Ke Auta, mai haɗa wayar wutar nan a buge yake? Ji yadda ya rubuta lambarsa."

Ta jawo wurin kusa. A jikin silin wani ya rubuta lambar wayarsa da jan fenti, kuma ga ta nan a kife, kan kowace lamba yana ƙasa. Dogo na ta dariya. Ita kuwa sai ta ƙura wa lambar ido.

Ta buɗe jerin lambobinta. Na'urar da ta haɗa hotunan, daga saman hoto take fara ƙirga, manhajar Auta kuma daga ƙasa. Kowa a sana'ar ya san wannan, ana juya lamba ta biyu kafin a miƙa. Ta juya lambobin bangaye, domin da ba ta yi ba da an ga tagogi a ƙasa. Silin fa? Farin siminti ne, gabansa da bayansa duk ɗaya, wa zai lura? Jerinsa ya wuce yadda ya zo, ba ta juya shi ba.

Ta gyara layi ɗaya, ta danna. Tsagewar ta tashi daga bakin ƙofa ta koma can ƙuryar zauren, inda babu ko ƙarfe ɗaya.

"Innalillahi," in ji Dogo, ya ajiye kofin.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ta kira injiniya, wayarsa a kashe. Oga yana ciki da baƙi, Dogo ya ruga ya buga masa ƙofa. Ita kuma ta kira yayarta.

"Autar Mama!" Muryar Yaya ta fito cikin ƙarar kekuna. "Yau kin tuna da mu? Ai yanzu nake yabonki. Albarkacin aikinki an kwashe mu daga bakin ƙofa, duk an mai da mu ƙurya. Matsi dai kam, amma gara haka."

"Yaya, ki saurare ni. Ku fita yanzu, ku duka."

"Cikin wannan ruwan? Ke dai ba kya rabo da shirme. Ƙofar gaban ma sun toshe ta da ƙarafansu, sai ta ɗan lungun nan ake bi ɗaya bayan ɗaya."

"Tsagewar tana kanku, Yaya! Ni na yi kuskure, hoton a juye yake. Don Allah ki tashi!"

Auta ta ji wani abu yana zuba a can, siririn sauti kamar ana tankaɗe.

"To, ashe shi ya sa," in ji Yaya a hankali. "Tun ɗazu yashi ke zubo min a kan farin yadin mutane. Tsaya in rufe shi, ina zuwa."

"Ki bar yadin!"

Amma ta riga ta ajiye wayar a kan teburin keke. Auta ta manna tata a kunne tana kiran Yaya, Yaya, ba mai amsawa. Kekunan sauran telolin na ta gudu abinsu, wani ma yana rera waƙa, zubar yashin kuma tana ƙara ƙarfi.